Kalmar "ashe"

Garwa, Talata.

Zafi tun ƙarfe tara, wuta kuma ba ta dawo ba sai bayan azahar. Da turin fim a wayoyin mutane ya tsaya, na zauna duba bayanan tallan finafinai da Auta ya sa a WhatsApp jiya da dare. Guda shida. Biyar lafiya lau, na shidan ne ya tsaya mini a rai.

Fim ne na bincike: an tsinci gawar attajiri a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, mutum biyar a gidan. Auta ya rufe da, "ashe matarsa da direba ne suka haɗa baki."

Na ce, "Auta, wa zai ba da dala ashirin a tura masa abin da ka riga ka faɗa masa?"

Ya ce, "Yaya, ai na shekaranjiya na faɗi mai kisan, ba ka ce komai ba."

Da gaskiyarsa, amma iri biyu ne. Wancan tun minti goma na farko an nuna makashin, fargabar mai kallo ita ce ko za a kama shi kafin ya kai ga yarinyar. Faɗin sunansa bai rage komai ba. Wannan kuwa "wa ya aikata?" shi ne jarin fim ɗin gaba ɗaya.

Na ce masa a tallan irin wannan fim jimla uku ta isa, kalma arba'in zuwa hamsin: wane ne kuma a ina, me ya faru, me zai salwanta in ba a gano ba. Kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na fim. Waɗanda ake zargi a ambace su daidai wa daida, don in ka ce "amintaccen direba" ka nuna shi da yatsa. Hoto ma a ɗauko daga farko. Ko "ƙarshensa zai ba ku mamaki" ɓarna ce, mai kallo zai zauna yana zargin wanda ya fi kowa kamala, kuma sau da yawa shi ne. "Ashe" kuwa ba ta da wuri ko kaɗan.

Ya goge, ya sake. Ya yi kyau.

Da la'asar Kawu ya shigo, mako guda yana tambayar fim ɗin nan. Na miƙa hannu in karɓi wayarsa, ya ce, "Bar shi, ɗana, na gani, matar ce." Ya mayar da ita aljihu ya fita.

Goggo ta aiko da kifi. Ban iya ci da yawa ba.