Coober Pedy, garin da jama'arsa ke kwana a ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya tashi a Jos ya saba da ramukan da haƙar kuza ta bari, amma ban taɓa ganin ƙasar da aka huda kamar ta Coober Pedy ba. Garin yana cikin hamadar Kudancin Ostareliya, kimanin kilomita 850 arewa da birnin Adelaide, kuma ya kafu ne bayan da aka gano dutsen ado na ofal a wajen a shekarar 1915. Saboda zafin rani yakan wuce digiri 40, da yawa daga cikin mazauna sun sassaƙa gidajensu a cikin tsaunuka, har da coci-coci da masaukin baƙi. A ɗakin da na kwana babu taga, sai bututun iska da ya ɓulla saman tudu, bangon kuwa yana ɗauke da sawun injin da ya yanke shi. Ban nemi fanka ba.

A bayan gari akwai alluna masu gargaɗin kada mutum ya yi tafiya da baya, domin ramukan haƙa a buɗe suke. Abin da ya fi burge ni shi ne duwatsun Breakaways masu launin fari da ja, inda hanya ke bi ta gefen shingen nan mai tsawon fiye da kilomita 5,000 da aka kafa don tsare tumaki daga karnukan daji na dingo.