Wasiƙa daga Janiba: ƙarfen da ba a riƙewa da hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina nan lafiya, a gaida kowa da kowa. Daga Kawu har abokan makaranta tambaya ɗaya kuke ta aiko min: wai bam muke ƙerawa? Zan taɓo abinci da kuɗin haya, amma bari in sauke wannan tukuna.

Ba bam ba ne, Kawu. A kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da birnin Janiba, akwai cibiyar binciken kimiyya mai suna CERN, tana da rami zagayayye mai tsawon kilomita 27, kusan mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. A ciki ake sa furoton, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, su yi karo, wasu manyan na'urori kuma su bi sawun abin da ya tarwatse. Ɗaya daga cikinsu, CMS, nauyinta tan 14,000. Ni kuwa wani ƙaramin kamfani nake wa aiki, muna yanka sassan alminiyam da ake ɗora allunan silikon a kai, allunan da ke karanta sawun ƙwayoyin a cikin irin waɗannan na'urori. In abin ɗorawar ya karkace, sawun da za a karanta ya karkace.

A nan da maikiron ake magana, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne. A watana na farko aka ba ni wani sashe mai tsawon santimita 30, aka ce kada kuskure ya wuce maikiron 10. Na yanka, na goge, na rungumo shi da hannu biyu zuwa ɗakin awo kamar mai kai tuwon biki. Dattijon da ke awo bai ce min uffan ba. Ya ɗora a na'ura, sai ga shi ya zarce da kusan maikiron 20. Gabana ya faɗi. Ya ce in je in sha shayi, in dawo gobe. Da safe aka sake aunawa, cif. Ashe ɗumin injin da na tafina ne ya kumbura shi. Alminiyam mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da maikiron 23 in zafi ya hau da digiri ɗaya kacal. Shi ya sa ɗakin awo kullum yana kan digiri 20, kuma sai ƙarfe ya kwana a ciki kafin a taɓa shi, da safar hannu.

Sai takardu. Wayyo takardu! Sashen da zai shige aljihun riga, fayil ɗinsa ya fi shi nauyi: inda aka narka ƙarfen, wanda ya yanka, da me aka wanke, wa ya auna, ranar da aka gwada ma'aunin kansa. Na taɓa mance lamba ɗaya, aka dawo min da akwati guda. Na yi ta gunaguni, har wani abokin aiki ya tuna min da Satumban 2008, lokacin da mahaɗar waya ɗaya tsakanin biyu daga cikin maganaɗisun da ke sarrafa tafiyar furoton ta ba da matsala a ramin. Sai da aka fito da maganaɗisu 53, aiki ya tsaya fiye da shekara.

Ina tuna masu aikin ƙarfe na Ƙofar Ruwa, hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai dai in mai gida ya ce "haka ma ya yi", awo ya ƙare ke nan, babu wanda ya rubuta komai. Ƙanena da ke koyon walda, ka sayi ma'auni mai kyau da ɗan littafi, ka riƙa rubuta abin da ka auna, kuma ka bar ƙarfe ya huce kafin ka auna.

Haya akwai tsada, abinci ba yaji. Duk mai zuwa ya taho min da daddawa da kuka.