Ku karanta takardar kafin ku danna

Makon jiya a Yelwa na tarar da 'yar ƙanwata tana haɗa furojet. Ta sa wata manhaja a burauza, irin mai shafa wa sunan ƙwayar gado ko furotin launi, kana dannawa taga ta buɗe da bayani daga UniProt ko NCBI, rumbunan bayanan furotin da ƙwayoyin gado a intanet. Dannawa take tana kwafewa. Na ce, "Ke, kin karanta yadda suka yi gwajin?" Ta ce, "Kawu, ai ga shi an taƙaita." Sai gabana ya faɗi.

Lokacin digirina na biyu ina karanta takarda kan bakteriya masu bijire wa magani, na ci karo da gajeren suna CAT. Na danna, taga ta ce catalase ne, mai farfasa hydrogen peroxide ya koma ruwa da oksijin. Na zauna na cika shafuka a kai. Ashe masu takardar chloramphenicol acetyltransferase suke nufi, wanda ke sa bakteriya ta fi ƙarfin maganin chloramphenicol. A gaban jama'a aka tambaye ni, ranar semina, na tsaya ina zufa.

To, amma a duba min. A kafe nake biyan kuɗin awa, a janareta, wa ke da lokacin bin layi-layi? Kuma ba ni kaɗai ba ne: wani bincike na 2016 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na takardun da ke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da kuskure, Excel ya mayar da sunan ƙwayar gado irin SEPT2 kwanan wata, har a 2020 aka sake wa irinsu suna. Manya ke nan fa. Sai dai gaskiya, cikakken sunan yana nan a takardar, ni ne ban karanta ba.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma kun iya sauraro? Ku cire manhajar. A'a, ku bar ta, tana rage wahala, wanda ya bi laburare yana neman mujallar da ba ta zo ba ya sani. Amma suna kawai take gani, ba ta san ko kan mutum ake magana ba, ko ɓera, ko sauro. Ku duba halittar, ku rubuta lambar rajistar furotin ɗin, ku gwada da abin da takardar ta ce. PubMed, shafin neman takardun bincike na lafiya, kyauta ne tun 1997, datar da kuke ƙonawa a TikTok ta ishe ku nemo takardar, in ba lalaci ba.