Godiya ga waɗanda suka fito da ni daga ƙarƙashin mota

Assalamu alaikum, jama'ar Aboabo da Asawase. Mota ta sauka daga kan katako tun ranar Laraba, mun kai amarya Tamale, mun dawo Kumasi lafiya, alhamdu lillahi. Waɗanda suka yi kwana huɗu suna ganin ƙafafuna kawai a ƙofar gida, ga yadda abin ya faru, ga kuma waɗanda nake bin sawunsu da godiya.

Laifin nawa ne tun farko. Tsohuwar Corolla ɗin nan mai giyar hannu ta fara gurza idan zan shiga giya ta biyu da sanyin safiya, sai na ce kafin doguwar tafiya bari in canza man giya da kaina, tunda na saba canza baƙin mai a gida. Na sayo lita biyu na 75W-90, don lita 1.9 take ci. Giyabos ɗin yana da noti biyu, duka lamba 24: ɗaya a ƙasa na zubar da tsohon mai, ɗaya a gefe na zuba sabo. Na ƙasan ne ya fi kusa da hannuna, shi na fara kwancewa. Mai ya tsiyaye tas cikin roba, ina ta jin daɗi. Da na koma kan na gefen, ko gezau. Ga mota babu ɗigon mai a giya, ba halin tuƙa ta zuwa wajen fita, wato makanike, ga biki saura kwana shida.

Daga nan zuciya ta ɗebe ni. Soket ɗina mai haƙora 12 ne, na zura wa sifana bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi, na danna da ƙafa. Ya zame sau uku, a na huɗu kan notin ya lashe ya koma kamar kwabo, hannuna kuma ya daki ƙarfe, fatar yatsu ta sale.

Godiyata ta farko ga Kawu, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota a hanyar arewa. Yana dawowa daga sallar Azahar ya tarar da ni kwance ƙarƙashin mota, jak kaɗai ke riƙe da ita, ina girgiza ta da ƙarfina duka. Bai ko yi sallama ba. "Kai yaro, fito! Notin ne zai kashe ka ko motar?" Da kansa ya sa yara suka kawo guntayen katako masu kauri, aka tokare ta, aka sa duwatsu a tayoyin baya. A lokacin haushi na ji, don a gaban yarana ya yi mini tsawa. Kawu, ka yafe mini fuskar da na ɗaure, Allah ya ƙara girma.

Sai Masta, Batone ne, makanike, shagonsa yana Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, maƙwabcinmu mai tasi ne ya haɗa mu. Ya bar aikinsa ranar Litinin da yamma ya zo har gida. Da ya leƙa, abu ɗaya ya tambaye ni da Hausarsa ta zango: "Wanne ka fara buɗewa?" Na nuna masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce ko yaron da ya yi wata uku a shago ya san na zubawa ake fara sassautawa, in ya ƙi sai a bar man a ciki, a tuƙo motar a hankali.

Abin da ya sa na ƙara ganin girmansa shi ne bai yi gaggawa ba, kuma duk abin da zai yi sai ya gaya mini dalili. Notin ƙarfe ne, jikin giyabos kuma alminiyam. In suka daɗe tare, ga damina ga laka, sai wani farin gari ya tsiro a tsakanin haƙoransu ya riƙe su kamar siminti. Ƙari a kan haka, wanda ya taɓa ɗaure shi a baya, ko wane ne, ya matse shi fiye da kima a kan tsohuwar washa. Masta ya goge wurin da burushin waya, ya fesa man sassauta tsatsa, ya bubbuga kan notin da guduma, ya ce a bar shi ya kwana. Washegari ya dawo da soket mai kusurwa 6 da ya goge bakinsa ya zama daidai, saboda kan notin gajere ne, ɗan lanƙwasar da ke bakin soket tana cinye rabin wurin kamawa. Da na san wannan dabara ranar Asabar, da ban rubuta wannan saƙo ba. Amma na riga na ɓata kan, ya sake zamewa.

Mutane sun kawo shawarwari, kuma na gode wa kowa. Wani ya ce a zuba man ta ramin makunnin fitilar ribas. Gaskiya ne ana yin haka, amma notin zai ci gaba da zama a maƙale, ranar da ake son duba mai a hanya kuma fa? Da yawa sun ce a sa kurfi da guduma. Nan Masta ya ƙi sam. Ya ce alminiyam ba ya lanƙwasa ya ba ka haƙuri, tsagewa yake yi, kuma in ya tsage maganar ta tashi daga noti ta koma sauke giyabos.

Aka kira mai walda na bakin layinmu. Shi ma Allah ya saka masa, don ya jawo injinsa a aboboya, babur mai taya uku na ɗaukar kaya, ya zo, dumso ta ɗauke wuta, ya zauna a benci yana jira har bayan La'asar bai ce uffan ba. Da wuta ta dawo, suka cire kan batir, suka share man da aka fesa don kada ya kama, aka ajiye bokitin yashi a kusa. Ya ɗora babban noti a kan lasasshen, ya maƙala wayar ƙasa a jikinsa don kada wuta ta bi ta cikin boris, ya cika cikinsa da walda. Zafin nan kansa rabin aikin ne: ƙarfen ya buɗe ya koma, farin garin ya farfashe. Ni na matsu a ja, Masta ya ce sai ya huce. Da ya ɗora sifana ya ja a hankali, sai muka ji ƙas! Yaran layi suka sa ihu kamar an ci ƙwallo. Haƙoran ramin ba abin da ya same su.

Ranar Laraba yaron shagon ya hau pragya, keken fasinja mai taya uku, zuwa Magazin ya sayo sabon noti da washa. Aka daidaita motar ta tsaya sak, aka zuba mai da tiyo da mazurari har ya fara leƙowa ta bakin ramin, Masta ya ɗaure da sifana mai awon ƙarfin ɗauri a kan 39 Nm, ya miƙo mini in ji yadda ɗaurin yake a hannu. Wallahi bai kai rabin abin da nake yi da ba. Kuɗin da ya faɗa kuwa, sai da na yi masa rantsuwa kafin ya yarda na ƙara masa ta momo, wato tura kuɗi ta waya.

Hajiya mai gidanmu, na tare miki ƙofa kwana huɗu, masu ɗebo ruwa suna raɓawa ta gefe, ba ki ce komai ba sai "sannu da aiki". Allah ya bar zumunci. Maman yara ta riƙe tocila dare biyu, ta wanke mini ciwo, ta haɗiye maganar da ke bakinta har muka wuce Kintampo, a nan ta amayar da ita duka, kuma ban musa ko ɗaya ba.

A cikin hayaniyar nan wani ya ara mini dogon bututun ƙarfe da guduma mai jan ƙota, na manta ko wane ne. Suna bayan ƙofar ɗakina. Mai su ya zo bayan Magariba, akwai shayi.