Na ajiye laima bayan shekara uku a Prag

Jiya Asabar na mayar musu da laimarsu da katin wuya, na gama. Jirgina ranar Alhamis ne in sha Allah, takardar digiri tana cikin jaka. Wasunku abokan aiki sun ce in rubuta wani abu saboda yaran da za su shigo aikinmu na zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a Prag, babban birnin ƙasar Cek, a bazarar nan, toh ga shi, amma gaskiya abu ɗaya ne yake cina har yau kuma a kansa zan fi daɗewa.

Kun dai san yadda ake fara mu. A miƙo maka shafi goma sha biyu a ce ka haddace, ka bi tsohon hannu sau biyu, rana ta uku ka tsaya gindin gunkin Jan Hus, malamin addinin nan na 'yan Cek, ka ɗaga laima don baƙi su gane ka, kuma kuɗin da kamfani ke cira a kan kowane baƙo ba ruwansa da ko baƙon ya ba ka wani abu ko bai ba ka ba. Hadda ba ta taɓa ba ni wahala ba, wanda ya yi makarantar allo ai shafi goma sha biyu ba komai ba ne. Jami'ar Charles 1348, gadar Charles 1357, agogon Orloj 1410, an ƙona Hus a Konstanz 1415, an wurgo wakilan sarki ta taga a fada 1618, haka nake zubo su tiryan-tiryan, baƙi suna tafi, ni kuma na ɗauka na san ƙasar.

Ranar wata Juma'a ce a watan Yuli na shekarata ta farko, ina da mutum wajen talatin. Mun hau har saman dandalin Václavák, gaban gidan tarihi na ƙasa, wurin gicciyen tagullan nan da yake kwance cikin duwatsun daɓe wanda mutane ke takawa ba su ma lura ba. Na faɗi abin da ke shafi na tara kamar kullum, cewa a nan ne ɗalibi Jan Palach ya cinna wa kansa wuta a gaban tankokin Rasha a watan Agustan 1968. Har na juya zan wuce sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu. Tun daga farko tana baya tare da ɗanta da jikoki biyu, daga Kanada suka zo, ba ta ce uffan ba, ni ban ma san 'yar ƙasar ba ce.

Tace, yaro, wa ya gaya maka haka?

Ba ta ɗaga murya ba wallahi, da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Tace tankoki sun shigo 21 ga Agusta, shi kuma ya yi abin da ya yi ranar 16 ga Janairun 1969, kusan wata biyar bayan nan, lokacin babu mai tsayawa gaban tanki kuma, kowa ya koma wurin aikinsa ya sunkuyar da kai, jaridu sun fara yin shiru. Tace da mu yake, mu da muka fara haƙura. Kwana uku ya yi a asibiti kafin ya cika, shekararsa 20, ita tana da 19, kuma ta bi layi cikin sanyi a Karolinum, tsohon ginin jami'ar Charles, don ta wuce ta gaban akwatin gawarsa. Sai ta dubi jikokin tace ta kawo su ne daga nesa don su ji wannan, ba ta so su ji shi a karkace.

Na ce promiňte, paní, wato yi haƙuri baiwar Allah, na sake cewa, ban san me zan ƙara ba. Sauran zagayen ban san yadda na ƙarasa shi ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba shekara kawai na kuskure ba, ma'anar abin gaba ɗaya na cire, na mayar da shi labarin jarumi da tanki alhali saƙon yaron ga mutanensa ne, abin da ya nema a wasiƙarsa ma a daina tace labarai ne a kuma daina raba jaridar 'yan mamaya. Kuma wata shida na yi ina faɗar hakan, mutum nawa suka koma ƙasashensu da wannan ƙaryar daga bakina, Allah kaɗai ya sani. Na san dalilin da ya sa ban taɓa bincika wannan shafin ba. A addininmu kashe kai haramun ne, ra'ayina bai canza ba har gobe, shi ya sa duk lokacin da na iso wurin sauri nake in wuce. Amma rashin yarda da abin da mutum ya aikata bai ba ni izinin yi masa ƙarya ba, balle mamaci, balle a gaban waɗanda suka yi kukansa.

Nawa laifin kenan kuma na ɗauka. Na oga kuwa daban ne.

Ɗan tsohuwar ya rubuta ƙorafi a intanet ya ba mu tauraro ɗaya, kuma yana da gaskiya. Ranar Litinin oga ya kira ni, a gaban abokan aiki biyu yace ina ƙirƙirar tarihi daga kaina, ina zubar wa kamfani mutunci. Na ciro takardar da shi da hannunsa ya ba ni na buɗe masa shafi na tara. Ko kallo bai yi ba, yace ai wannan tsohuwar takarda ce, me ya hana ni duba sabuwa. Da na koma ɗaki na buɗe fayil ɗin, an gyara layin kam, amma kwanan watan gyaran na nan ɓaro-ɓaro, safiyar wannan Litinin ɗin ce. Ya cire ni daga zagayen safe duk watan Agusta, ku da kuke aikin kun san me Agusta take nufi, a nan ake tara kuɗin hostal na rabin shekara. Ban yi rigima ba saboda ina buƙatar aikin kuma ni baƙo ne, mutum biyun da ke wurin su ma da wannan takardar suka yi hadda amma babu wanda ya buɗe baki. Har jiya da na miƙa masa laima bai taɓa cewa yi haƙuri ba. Shi ne fa mutumin da yake ce mana baƙi labari suke so ba tarihi ba, wanda ya dage sai mun faɗi cewa an ƙwaƙule wa maƙerin agogo Hanuš idanu kamar abin ya faru, alhali tatsuniya ce, agogon ma Mikuláš na Kadaň ne ya ƙera shi.

Watan da ya hana ni aiki shi na yi amfani da shi na san ƙasar. Na je maƙabartar Olšany, a nan na ji cewa kabarin Palach ma bai tsira ba, a 1973 jami'an leƙen asiri sun tono gawar saboda mutane sun ƙi daina kawo furanni, suka ƙona ta aka kai tokar garinsu Všetaty, sai 1990 aka dawo da ita. Na gane cewa gicciyen nan na mutum biyu ne, akwai Jan Zajíc da ya bi bayansa ranar 25 ga Fabrairun 1969, shi ko sunansa babu a takardarmu. Na je Lidice, ƙauyen da 'yan Nazi suka shafe ranar 10 ga Yunin 1942 bayan kisan babban jami'insu Heydrich, maza 173 aka harbe a ranar, na tsaya gaban gumakan yara 82 na kasa motsi. Na shiga wurin ibadar Yahudawa na Pinkas na ga sunayen Yahudawa kusan 80,000 da 'yan Nazi suka kashe a rubuce a bango. Sai na fara fahimtar me ya sa kwanan wata yake da nauyi haka a wurin 'yan Cek. Bayan yaƙin Farin Dutse a 1620 kusan shekara ɗari uku Biyana, babban birnin Ostiriya, ce ke yanke musu hukunci, a 1938 aka zauna a Munik aka yanka ƙasarsu ba tare da an gayyace su ba, har suna da kalmar da suke faɗi, o nás bez nás, wato a kanmu ba tare da mu ba, sai kwaminis daga 1948 suka shekara arba'in suna gyara musu littafin tarihi. Kuma Janairun nan da na goge da bakina, a cikinsa ne a 1989 mutane suka fito tunawa da Palach shekara ashirin, aka kama Václav Havel aka ɗaure, kafin shekarar ta ƙare ya zama shugaban ƙasa.

Da na dawo a Satumba na ajiye takardarsu na rubuta tawa. Shekara biyun da suka biyo baya kusan duk sabon yaro ni ake cewa ya bi, oga da kansa yake turo su.

Sauran a taƙaice. Kar ka ce Cekoslobakiya, an rabu zuwa Cek da Slobakiya tun 1 ga Janairun 1993. Kar ka ce Gabashin Turai, Prag ta fi Biyana kusa da yamma. Tatsuniya ka ce tatsuniya ce, baƙi ba sa gudu. In ka iso gunkin Baturken nan mai tsaron fursunoni a kan gada kuma kai Musulmi ne za a kalle ka, ka faɗi tarihinsa na 1714 ka wuce. Burodin nan mai zaƙi da ake kira trdelník ba abincin gargajiyar Prag ba ne ko da an ce ka tsaya wurin mai sayarwa. Ka hana su canjin kuɗi a titi. Ka tura su waje da birni, Kutná Hora da cocin ƙasusuwa, Český Krumlov, Olomouc, namu na gida kuma ka gaya musu takalmin Bata da suka sa a firamare daga Zlín ya samo asali tun 1894. Kuma duk takardar da oga ya ba ka, ka ajiye ta bugagga.

Na amsa ƙorafin ɗan tsohuwar sau biyu, na roƙe shi ya gaya mata na gyara, na je Olšany, ina faɗar sunan Zajíc ma yanzu. Bai taɓa amsawa ba. Rubutun nawa na bar shi a wurin yaron nan ɗan Gana da ya fara a watan Mayu, mai so ya karɓa ya kwafa. Shafi na tara kuwa yana wurina, da shi zan hau jirgi.