Madafar Inna, lokacin da muka sa gidanmu a kasuwa

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado mu takwas ne gida kuma guda ɗaya a ƙauyenmu can gefen Ringim, ba yadda za ai a yanka shi gida takwas, dan haka aka tsaya a kan a sayar a raba kuɗin. Inna dama ta koma gurin Yaya a Kano. Aka sanar da mai unguwa, aka kira dillali.

Mutum na farko da ya zo ya duba zaure, ya leƙa ɗakuna, ya auna tsakar gida da ƙafa, yace ya yi mai. Washegari ya turo matarsa da wata gwaggonta. Ina nan ranar. Wallahi ko ɗaki ɗaya basu shiga ba, kai tsaye madafa suka nufa, gwaggon ta ɗaga kai ta kalli rufi inda kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana reto, ta sa ƙafa ta taɓa daɓen da ya farfashe, suka fito suka ce mana sai anjima. Shikenan, ko waya bai ƙara ɗauka ba. Abin ya min ciwo sosai dan a gurin nan Inna ta yi shekara sama da talatin tana tuƙa mana tuwo, amma da na tsaya na kalli gurin da idon baƙo sai naga gaskiyar matan. Namiji ne zai ƙirga kuɗi, amma wadda za ta wuni a gaban murhu ita ce mai cewa eh ko a'a.

Yaya yace a sa tayil a shafa fenti kawai. Nace Yaya dan Allah ka tsaya, lokacin farkon 2024 ne buhun siminti ya haura dubu goma, kuma tayil a ƙasan da ake faskare ana jan turmi a kai sati nawa zai yi? Fenti kuma in ka shafa shi a kan bangon da hayaƙi ya ci, baƙin sai ya ɓullo ta ciki. Da ƙyar ya yarda mu bi abin daga tushe.

Farko muka kwashe komai. Tsofaffin tukwane, kwalla, fasassun ƙore, buhunan da ɓera ya gama da su, wani tsohon risho da ba'a kunna ba tun ina budurwa. Da gurin ya zama wayam sai ga shi ashe yana da faɗi, mu da muka taso a ciki bamu taɓa sani ba. Muka ɗaura tsintsiya a dogon kara muka kakkaɓe kunkunniyar, ki rufe kanki da hancinki in za ki yi wannan aikin dan har kwana biyu ina kakin baƙi.

Sannan magini ya zo, wani dattijo, ya ɗauki wuƙa yana caccakar azara ɗaya bayan ɗaya. Guda biyu wuƙar ta shige kamar cikin kabewa, gara ta cinye cikinsu ta bar ɓawo. Aka canza su. Ya sake yaɓe, ya bi bangon waje da makuba, ya gyara indararo dan da ruwan a jikin bango yake zuba. Mutanen yankinmu tun ambaliyar 2022 idonsu a buɗe yake, duk mai sayen gidan ƙasa gindin bango yake fara kallo ya ga ina ruwa ya taɓa kaiwa. Shi yasa ɗan simintin da muka saya a nan ya ƙare, aka ɗaga dokin ƙofa dan kar ruwan tsakar gida ya dinga shiga, aka gyara rariya ta daina kwanciyar ruwa.

Abin da yafi canza gurin kuwa wata 'yar taga ce da aka fasa a sama saitin murhu. Hayaƙi ya samu hanya, haske ya shigo. Da aka shafa farar ƙasa hannu biyu muka bar ƙofa a buɗe kwana huɗu, warin tsohon hayaƙi da daddawa ya fita da kansa. Wata maƙociya tace in sa turaren wuta nace a'a, mace in ta ji turare a madafa tunanin me ake ɓoyewa za ta fara.

Murhun ban bari an taɓa shi ba. A ƙauye da itace da kara ake girki, ko mai gas ɗin ma ranar suna ko biki murhu take komawa. Mun dai share kusurwa ɗaya nesa da wuta inda za a iya ajiye tukunyar gas ko kurfoti.

Akwai wata tsaga a bangon gabas inda ruwan damina yake duka, an cike ta amma magini yace sai an dinga bibiyarta duk shekara. Dillali yace ba sai an faɗa ba tunda bata nunawa. Kawu ne ya tare shi, yace malam, Annabi (SAW) yace wanda ya ha'ince mu baya tare da mu, kuɗin marayu ne a ciki ba za mu gauraya shi da algus ba. Duk wanda ya zo sai mun kai shi gurin mun nuna mai da hannu.

Waɗanda suka saya da hantsi suka zo, rana ta shigo ta tagar nan ta sauka a kan randa. Matar yarinya ce da goyo, ta tsugunna gaban murhu kamar mai hura wuta ta ɗaga kai ta kalli tagar, ta miƙe ta je ta zuba ruwan buta a rariya ta tsaya har ya wuce. An rage mana wani abu saboda tsagar, akai ciniki gaban mai unguwa da shaidu aka rubuta takarda.

Ranar da na je kwashe sauran kaya matar mai goyon nan ta ce min Yaya dan Allah duwatsun murhun nan ki bar min su, sun zauna daidai. Na kira Inna a waya na gaya mata, ta yi shiru kaɗan tace a bar mata, randar dai a kawo min.