"Ai Tana da 'Ya'ya, Ba Za Ta Yi Ba": Haihuwa da Haɗarin Kashe Kai

Idan uwa ta ce ta gaji da duniya, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin dangi ita ce, "Haba, ki dubi 'ya'yanki mana." Daga nan hankalin kowa ya kwanta, wai mai 'ya'ya ba ta kashe kanta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma dogaro da ita ya sa an yi sakaci da iyaye da yawa a daidai lokacin da suka fi buƙatar a sa musu ido.

Tun a 1897 masanin zamantakewa ɗan Faransa, Émile Durkheim, ya lura cewa ma'aurata masu 'ya'ya ba su kai marasa 'ya'ya yawan hallaka kansu ba. Wani bincike da aka wallafa a 1993 ya bi matan Norway kusan miliyan ɗaya na tsawon shekara 15, ya ga haɗarin yana raguwa yayin da yawan 'ya'ya ke ƙaruwa. A Taiwan, a 2010, an duba mata sama da miliyan 1.2: masu 'ya'ya biyu haɗarinsu ya yi ƙasa da na masu ɗa ɗaya da kashi 39 cikin 100, masu uku zuwa sama kuwa da kashi 60.

Dalilin a fili yake. Yaro yana tilasta wa mutum ya tashi da safe ko ba ya so, a dama koko, a shirya makaranta. Yana jawo mutane cikin gida. Mafi girma, yana sa uwa ko uba su ji cewa akwai wanda ba zai iya ba sai da su. Sai dai a cikin lissafin akwai zamewa: wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya kama da wuri, ko shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, sau da yawa bai kai ga aure da haihuwa ba tun farko. Saboda haka wani ɓangare na ratar da ake gani daga lafiyar da mutum ya shigo da ita ne. Wannan kaɗai ya isa ya rushe shawarar nan ta "a yi masa aure zai warke" ko "in ta haihu za ta natsu". Haihuwa ba ta warkar da ciwon damuwa. Nauyi take ƙara wa mai shi.

Ɗaya daga cikin lokutan da kariyar da 'ya'ya ke bayarwa kan yi rauni shi ne shekarar farko bayan haihuwa. A Birtaniya, inda ake bin diddigin mutuwar kowace mai jego, kashe kai ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata kai tsaye tsakanin mako 6 da shekara guda bayan haihuwa. A lura da lokacin. Mako shida shi ne arba'in: an gama wankan jego, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, wadda ta zo zaman jego ta koma gida, wadda ta je wankan gida ta dawo ɗakinta ita kaɗai da jariri.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne saurin kuka da ƙuncin da ke zuwa wa mata da yawa a kwana na 3 zuwa na 5, wanda ke wucewa da kansa kafin mako biyu. Barci da taimakon aiki kawai yake so. Na biyu shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa. Alamarsa ita ce ƙunci ya haura mako biyu, ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, tana yawan zargin kanta. Na uku, wanda ya fi gaggawa, shi ne rikicewar hankali, mai kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci cikin mako biyu na farko, wato dab da suna ko jim kaɗan bayansa. Ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, surutu ya yi yawa ko ta yi gum, tana jin muryoyi, tana cewa an canza mata jariri ko ana son kashe shi. A nan ne ake cewa iska ce ta shige ta, a shafe makonni ana turare. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa asibiti a ranar ba. Ciwon yana canzawa cikin sa'o'i: da safe ta yi kamar ta warke, da dare ya dawo. Wadda ya taɓa kamawa a haihuwar baya, kusan rabi yana dawo musu, don haka ita tun a awon ciki ya kamata likita ya sani.

Lokaci na biyu da kariyar ke yin rauni shi ne mutuwar ɗa. Binciken da aka yi a Denmark a 2003 ya nuna haɗarin yana hauhawa ga iyayen da suka rasa ɗa, musamman a watan farko, kuma ya fi tsanani idan yaron ƙarami ne ko shi ma kansa ya kashe. A wajenmu ana yaba wa uwar da ba ta yi kuka ba, in ɗan fari ne ma kunya ta hana ta ambaton sunansa. Bayan sadakar uku da ta bakwai kowa ya watse, a bar ta da kayan yaron. Ɓari da haihuwar gawa kuwa ko ta'aziyya ba a cika yi ba.

Sai rabuwa da 'ya'ya da rai. Matar da aka saka aka karɓe yaran ta rasa abin da ke tashinta da safe a rana ɗaya. Uba ma ba a tsira yake ba: kusan 1 cikin 10 na shiga damuwa a shekarar farko ta haihuwa, sai dai nasa kan fito a matsayin faɗa, guje wa gida, ko shan ƙwaya. Magidancin da jari ya karye, bashi ya taru, aka koro yara daga makaranta, yakan fara ganin kansa ba shi da amfani a gidan.

Kalma ɗaya ce ta haɗa duk waɗannan, kuma ita ya kamata kunne ya kama: "Gara ba na nan, yaran za su fi samun kulawa." Ko "ni ba uwa ba ce", ko "ga amanar yarana". Wanda ya faɗi haka, abin da ke riƙe shi ya juye ya zama abin da ke tura shi. Ce masa "dubi 'ya'yanka" a wannan gaɓar ƙara masa laifi ne, don a tunaninsa saboda su zai tafi. Haka nan wa'azin azaba. Musulmi ya san aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana kashe kai, kuma imani yana riƙe mutane da yawa. Amma in aka buɗe da tsoratarwa, sai ya yi shiru, tunanin kuma yana nan.

Abin yi, a jere. A keɓe da shi, a tambaya kai tsaye: "Yaya, kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta dasa tunanin, an gwada an tabbatar. In ta ce e, a tambaya ko ta tsara yadda za ta yi, ko ta taɓa gwadawa, domin yunƙurin baya shi ne babban manunin haɗari. Kada a yi alkawarin ɓoye sirri. Kada a bar ta ita kaɗai, dare da rana, kuma mai gadin babba ne, ba yarinya 'yar shekara goma ba. In tana maganar tafiya da jaririn, shayarwa ma a gaban wani za a yi.

Sannan a kwashe abin da ke kusa. Kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha, kuma sau da yawa shawarar ta 'yan mintuna ce. Sri Lanka ta rage mace-macen da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995, galibi ta hanyar haramta magungunan feshi mafi dafi. Maganin feshin gona, fiya-fiya, gubar ɓera da tarin ƙwayoyi su bar gidan gaba ɗaya, ba a ɗora su kan kwaba ba. In an riga an sha wani abu, kada a ɗura manja ko madara, kada a sa amai, domin yana iya faɗawa huhu. A kwantar da mutum ta gefe, a tafi asibiti mafi kusa da kwalbar a hannu.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, ga Dawanau da sashen masu tabin hankali na Asibitin Malam Aminu Kano. Akwai takardar tambayoyi 10 da ake kira ta Edinburgh, ta gano ciwon damuwa na bayan haihuwa, wadda ta ƙarshenta ke tambayar tunanin cutar da kai. A nemi a yi wa mai jego ita ranar rigakafin mako shida. Shayarwa ba ta hana magani, akwai irin su sertraline da ake bai wa masu goyo. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga canji, kuma ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne dakatarwa da zarar ta fara dariya. Wani babba ya riƙe maganin yana ba ta na rana-rana. Makonnin farko bayan sallama daga asibiti suna cikin mafi haɗari, don haka a karɓi ranar komawa kafin a bar harabar, a kuma ambaci sunan wanda zai kwana da ita da wanda zai karɓi jariri da dare don ta samu barcin awa huɗu ko biyar a jere.